Gwaggo Mai Shanya Yara

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma, sai dai ranar Talatar makon jiya Gwaggo ta riga mu tafiya. Yayar mahaifina ce, ita ta raine ni tun ina wata bakwai da mahaifiyata ta rasu. Ina kan keken ɗinki a shagona a Birnin Gwari sai Baffa, ƙanen mahaifina, ya bugo waya, kuma tun daga yadda ya yi sallama na gane. Na bar hannun rigar wani a ƙarƙashin allura, na hau babur na kama hanyar ƙauyenmu da ke wajen Randagi, hanyar da in ka shige ta sai ka yi ta salati har ka fita daga daji. Da ƙyar na samu sallar jana'iza.

Kwana uku muka yi muna zaman makoki a ƙofar gida. Ban taɓa zaton tsohuwar da ba ta bar ɗa ko ɗaya a duniya ba za ta tara jama'a haka. Wani ƙaton manomi daga Kazage, wanda sai ya sunkuya kafin ya shiga zaure, ya durƙusa gaban Baffa yana share ido da hula, ya ce uwarsa ta gaya masa a tabarmar Gwaggo ya koyi zama. Liman ya ce tun da aka ba shi limanci yake wucewa ta ƙofar gidan nan da hantsi, bai taɓa wucewa bai ji kukan yaro da dariyarta a tare ba. Maƙwabciyarta, wata tsohuwar Gbagyi Kirista da suka tsufa suna miƙa wa juna taɓarya ta kan danga, ta ƙi shiga cikin mata. Ta je gindin rumbu ta zauna a ƙasa kusa da tabarmar, tana ta maimaitawa da Hausarta mai nauyi, "Wa zai shanya su yanzu? Wa zai shanya su?"

Ni kuwa duk wanda ya zo sai ya nufo ni. "Tela, sai haƙuri. Kai ne ɗanta. Kai ka riƙe ta a birni lokacin gudu, Allah Ya saka maka." Ina cewa amin, ina kallon ƙasa. Na riƙe ta, gaskiya ne, wata biyar. Abin da ba su sani ba shi ne bakina ne ya koro ta gida, a kan abin nan da suke yabonta da shi, kuma a daidai lokacin da suke wannan yabo 'yata mai shekara uku tana cikin gida da ƙafafu sun lanƙwashe kamar baka, don na ƙi jin maganar tsohuwar. Na kasa faɗa a tabarmar makoki. Shi ya sa na zauna nake rubutawa, don kada a manta da ita, kada kuma a ci gaba da yi mini yabon da ban cancanta ba.

Gwaggo gajeriya ce, baƙa, mai saurin tafiya da saurin baki. Yatsunta sirara ne ƙwarai, har mata kan ce da su aka fi dacewa a zare ƙaya. Ba ta yi boko ba, karatun allo ma iyakarta abin da za ta yi sallah. Amma tana da aiki guda da ba wanda ya ɗora mata. Kullum da hantsi ya ɗaga sai ta shimfiɗa tabarma a gindin rumbu ta gabas, ta bi ɗaki ɗaki, ta bi gida gida, tana karɓar jarirai. Duk wanda ya cika arba'in ya shiga hannunta. Ta tuɓe musu riga, ta jera su, ta zauna a tsakiya tana juya su ɗaya bayan ɗaya kamar mai gasa masara, tana yi musu hira kamar manya. Ba ta bari rana ta cije su. Da ta ji zafi ya fara kama bayan wuyanta sai ta ce, "To, an tashi kasuwa," ta mayar wa kowace uwa da nata.

Daga nan sunan ya samo asali, Gwaggo mai shanya. Ba ta jin haushi. Mace za ta leƙo ta ce, "Gwaggo, ga nawa, a juya mini shi kada ya ƙone." Ta ce, "Kawo shi. Ke ma da za ki kwanta da na juya ki, ga ki nan fara fat kamar wadda aka tono."

Tana da ma'auninta kuma. Yaro da ya fara tsayuwa sai ta kama shi, ta haɗa idon sawunsa biyu, ta zura yatsunta a tsakanin gwiwoyinsa. In yatsa ɗaya ya shiga ta ce ba komai, yara da yawa haka suke farawa. In biyu ne ta kira uwar ta wanke ta tas. In ya kai uku, to yaron ya bar cin tuwon uwarsa ke nan, ya koma ɗakin Gwaggo. A can akwai ƙananan kifin rafi busassu, ta daka su har ƙayarsu ta zuba a miyar kuka. Akwai ƙwan zabi da damina. Akwai nono, wanda ƙawarta Bafulatana take kawo mata daga rugar bakin daji, su zauna su yi ta gulmar mazan duniya, ɗaya da Hausa ɗaya da rabin Fulatanci.

Rigimarta da mahaifina a kan ƙwai har yau ana ba da labarinta a gidanmu. A wajenmu an yi imani yaron da ya saba da ƙwai zai tashi da ɗauke-ɗauke. Wata rana mahaifina ya shigo ya tarar tana ɓare mini dafaffen ƙwai, ya ce, "Yaya, ɓarawo za ki mayar mini da shi?" Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Kai da ba a taɓa ba ka ƙwai ba, wa ya kwashe mini gyaɗa a rumbu shekarar da aka yi maka kaciya?" Mahaifina ya gyara hula ya fita. Da na girma na koyi ɗinki sai ta sami abin tsokana. Ta ce, "Ashe ubanka ya yi gaskiya. Ga shi ka zama tela, ragowar yadin mutane ba ya komawa gida." Tun daga nan ba ta sake kirana da wani suna ba sai Tela.

Sau ɗaya tak ta gaya mini inda ta samo wannan ɗabi'a, ana saura kwana kaɗan ɗaurin aurena. Aurenta na fari wani ɗan kasuwa ta aura a gari, ya sa ta a kulle a wani ɗaki na can ƙurya wanda ko taga ba shi da ita. A nan ta yi ciki, a nan ta haifi ɗa namiji, a nan ta raine shi. Yaron ya daɗe bai yi tafiya ba, da ya tashi yi kuma ƙafafun suka buɗe, ƙirjinsa ya turo, kullum tari. Yana shekara huɗu ƙyanda ta ɗauke shi. Auren ya mutu, ta dawo ƙauye, ba ta sake haihuwa ba. Ta ce, "Ban taɓa fitar da shi ba, Tela. Ba a ce in fitar ba, ni ma ban sani ba. Sai da na dawo na riƙa zuwa ruga na ga 'ya'yansu. Ka taɓa ganin ɗan ruga da ƙafar baka? Rana da nono, iyakar abin da suka fi mu ke nan." Na rubuta wannan ne don a san na sani. Duk abin da na yi daga baya, da saninsa na yi.

Da daji ya lalace, kowa ya san yadda muka koma. Rugar bakin daji ta tashi, nono ya yanke, ƙawar Gwaggo ta tafi ba sallama, kuma har ta rasu tana tambayar matafiya ko sun ji inda suka sauka. Ni tuni na riga na zauna a Birnin Gwari, ɗinki ya karɓe ni, na sami ɗan gida a bayan kasuwa. Sai na yi abin da masu ɗan hali suke yi a lokacin. Na sa aka rufe tsakar gidan da kwano daga katanga zuwa katanga, aka sa ƙofar ƙarfe. Ruwan sama ba ya taɓa mu, na kan bene ba ya hango iyalina, mai haurowa ba shi da ta inda zai diro. Da rana tsaka sai an kunna fitilar sola a gidana, ni kuma ina kawo abokai su gani suna cewa, "Kai, Tela, ka gama gida." Ban ce na sa matata a kulle ba, amma ni nake cefane, mai ruwa a ƙofa yake tsayawa, kuma kullum ina ja mata kunne kada ta leƙa waje. A cikin wannan duhun ta yi cikinta, a ciki ta yi jego. Aka sami mace, na sa mata sunan Gwaggo, muke kiranta Takwara.

Takwara tana wata shida aka ce mutanen ƙauyenmu su watse, na aika aka ɗauko Gwaggo. Ta shigo da ƙullin kayanta a ka da tabarmarta a hammata, ta tsaya a tsakar gida ta ɗaga kai, ta daɗe tana kallo.

"Tela, ina sama?"

"Wace sama, Gwaggo?"

"Wadda Allah Ya yi."

Na yi dariya, na fara yi mata bayanin ruwa da ɓarayi. Ta bari na gama, sannan ta kama hannun matata ta juya shi, ta dubi idonta, ta karɓi jaririyar ta shafa maɗigarta. Ta ce, "Ba gidanka na ce ka rushe ba. Kwano biyu za ka cire mini, ta gabas." Na ce to, za a duba. Irin "to" ɗin da tela yake ce wa mai kaya ana jibi Sallah.

Ta jira mako guda. Da ta ga ba a duba ba, sai ta ɗauki tabarmarta ta buɗe ƙofar ƙarfen nan, ta shimfiɗa a kan dakalin ƙofar gida, ta tuɓe Takwara ta kwantar. A bakin hanya, inda masu zuwa kasuwa suke wucewa, ga teburin mai shayi a tsallake cike da 'yan zaman majalisa. Kullum haka. Na yi mata magana a hankali, na ce zamani ya canza, akwai masu leƙen gidajen mutane suna kai labari daji. Ta ce, "Wanda zai sace tsohuwa da tsirarar jaririya ya zo, na ga inda zai kai mu." Tsoron nan gaskiya ne, ba ƙirƙirarsa na yi ba. Amma ba zan yi wa mamaciya ƙarya ba, ba tsoro ne ya dawo da ni gida ranar da abin ya faru ba.

Wani Alhaji ne da nake yi wa ɗinki ya shigo shago yana murmushi, ga mutane zaune suna jiran kayansu. Ya ce, "Tela, na wuce ta gidanka na ga an baza kaya a ƙofa. Shanya ce ko ta sayarwa ce?" Shago ya kwashe da dariya. Ni ma na yi, amma kunnuwana zafi suke. Yana fita na tashi na hau babur.

Na same su yadda ya faɗa. Takwara tana kwance rub da ciki tana wasa da bakin tabarma, Gwaggo tana shafa mata baya tana ba ta labarin wani zakara. Ban yi sallama ba. Na ce, "Gwaggo, nan fa ba ƙauye ba ne. 'Yata ba barkono ba ce da za a riƙa baza ta a titi ana yi mini dariya a kasuwa."

Ta ce, "Dariya ba ta karya ƙafa, Tela. Zauna ka ji."

Da na zauna da ba ni da abin rubutawa yau. Ban zauna ba. Na ji 'yan majalisa sun yi tsit suna saurare, sai bakina ya ƙara buɗewa. Na ce, "In shanya yara tana da amfani, ina naki?"

Hannunta ya tsaya a bayan yarinyar. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba, ita da ba a taɓa gaya mata ɗaya ba ta mayar da uku ba. Ta ɗauki 'yar rigar ta sa wa Takwara, ta ɓalla maɓallan ɗaya bayan ɗaya har na wuya. Sannan ta dube ni ta ce, "Nawa a ɗaki na bar shi. Shi ya sa." Ta naɗe tabarmarta ta shige.

Bayan kwana uku aka ce an ɗan sami sauƙi, wasu sun fara komawa gona. Ta ɗaure kayanta. Na ce ta bari a ƙara gani, amma da rabin baki na faɗa, ita ma ta ji da rabin baki ne. A ƙofa ta ce wa matata, "Uwar takwara, in ta fara tsayuwa ki riƙa aunawa." Ni kuwa ta ce mini, "Allah Ya ba da kasuwa." Na rufe ƙofar ƙarfe na ji wani sanyi a raina, kuma wannan sanyin ma yana cikin abin da nake jin kunyarsa.

Takwara ta shekara ba ta tsaya ba. Ta shekara da rabi tana jan gindi. In aka tsayar da ita sai ta fasa kuka ta zube. Kanta kullum jiƙe da gumi, maɗigarta ta ƙi rufewa, wuyan hannunta ya yi kauri kamar ta sa awarwaro a ƙarƙashin fata. Abincinta koko da tuwon masara, don nono ya yi wuya a gari, ƙwai kuma, ni da aka raina da ƙwai, sai na ce a bari ta ƙara girma. Da ta fara takawa daga ƙarshe, tafiyar agwagwa take yi. Na ce goyo ne ya buɗe ta. Na ce gado ne daga dangin uwarta, har muka kwana biyu ba ma magana. Na karɓo rubutu, na kai ta wajen mai ɗori ya murza ta tana ihu. Wata safiya na fito na tarar matata ta durƙusa ta haɗa idon sawun yarinyar tana zura yatsu. Ta ɗago ta ce, "Uku ne. Gwaggo ta ce in ya kai uku..." Na ce kada in sake jin wannan magana a gidana.

Matata ce dai ta tsaya kai da fata har muka bi ayarin motoci zuwa Kaduna, Takwara tana shekara biyu da 'yan watanni. Likitar mace ce, ba ta kai ni shekaru ba. Ta taɓa wuyan hannun, ta bi haƙarƙarin yarinyar da yatsa ta nuna mini wasu ƙulle-ƙulle a jere kamar carbi, ta sa aka ɗauki hoton ƙashi aka ɗebi jini. Da muka dawo da sakamako tambayarta ta farko ita ce, "Malam, yarinyar nan tana shan rana kuwa?"

Na ce gidanmu a rufe yake.

"Uwar fa, lokacin ciki da shayarwa?"

Matata ta sunkuyar da kai. Ni aka bari da amsa, na ce ita ma haka.

Ta yi mana bayani a hankali, kamar yadda ake yi wa wanda bai taɓa ji ba. Ta ce akwai wani sinadari, bitamin D, wanda fatar mutum take haɗawa in rana ta taɓa ta, kuma shi ne yake taimakon jiki ya ɗebi abin gina ƙashi daga abinci. In babu shi ƙashin yaro ba ya ƙwari, da ya fara ɗaukar nauyin jiki sai ya lanƙwashe, wani ya yi baka wani ya yi gwame. Ta ce uwar da ba ta ganin rana ba ta da abin da za ta ba ɗan cikinta, nononta ma ba zai wadatar ba. Ta ce mu baƙaƙen fata mun fi bukatar daɗewa a rana kafin jiki ya samu, kuma hasken da ya ratso gilashin taga ba ya yi. In aka haɗa da yaron da ba ya samun madara, ba kifi, ba ƙwai, sai hatsi zalla, to an taru an yi masa yawa. Ta rubuta magani na ɗigawa da na ƙashi, har da na uwar. Ta ce a riƙa fitar da ita da hantsi, a tuɓe mata hannu da ƙafa, a mayar da ita kafin rana ta yi zafi. Ta ce tunda ƙarama ce akwai fatan ƙafar ta miƙe da kanta, in kuma ta ƙi, sai an yi aiki nan gaba. Sannan ta ƙara da cewa, "Ba ku da wata tsohuwa a gida ne? Da yawansu sun san wannan."

Matata ba ta dube ni ba, kuma da ta dube ni da ya fi mini sauƙi.

Washegarin da muka dawo na hau tsani da kaina na ɓalle kwano huɗu. Haske ya zubo tsakar gidana, na ga yanar gizo da dattin da ban san muna zaune da su ba. Aka fara magani, aka fara ƙwai da kifi. Amma Gwaggo ban gaya mata ba. Wata tara ina aika mata da sabulu da sukari, na ɗinka mata riguna biyu, in an haɗa mu a waya in ce kowa lafiya, Takwara tana ta gudu. Komai na aika ban da ƙafata. Ina jira ƙafar yarinyar ta miƙe tukuna, in kai ta a tsaye sak, in nemi gafara ba tare da an ga abin da na jawo ba. Ko tubana ma so na yi in yi masa ado.

Sai Baffa ya aiko cewa jikin Gwaggo ya yi nauyi, idonta ya rufe da yana, kuma kullum tana tambayar takwararta. Babu sauran wurin ɓuya. Na zauna a kan keke na yi abin da na iya. Na ɗinka wa Takwara doguwar riga mai faɗi har tana share ƙasa, na yi mata aiki a wuya da zare mai ruwan zinariya, don ido ya tsaya a sama.

Da hantsi muka isa. Tana gindin rumbu a kan tabarmarta, an jingina ta da buhu, ta rame har ba ta cika zanenta ba. Jarirai biyu na kwance a gefenta, iyayensu na kusa suna yin juyin da ita ta daina iyawa. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce, "Tela ne? Yau ɗinki ya ƙare a duniya?" Na tura Takwara gabanta. Ta shafa kanta, ta shafa fuskarta, ta shafa aikin wuyan rigar ta ce, "Iye, an sha zare." Sai hannun ya gangara. Ina kallo ya bi rigar har ƙasa, ya shige ƙarƙashinta. Ta haɗa idon sawun da hannu ɗaya, ɗayan ya hau zuwa gwiwa. Na ga leɓenta yana motsi. Ta zaro hannun ta ɗora a cinyarta, yatsu huɗu a miƙe, babban yatsa a naɗe.

Maƙwabciyarta da ke tsaye a bakin danga ta juya mana baya.

Na buɗe baki na ce, "Gwaggo, ni dai..."

Ta ce, "Ka cire kwanon?"

"Na cire. Huɗu ma na cire."

"Ta ina?"

Sai a lokacin na tuna. Na cire ta inda tsani ya fi sauƙin kafuwa. Na ce, "Ta yamma."

Ta yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari. Ta ce, "A garinku ta yamma hantsi yake fitowa?" Matan suka yi dariya, ni ma na yi, hawaye na zuba a kan rigata. Ta jawo Takwara ta tuɓe mata doguwar rigar nan da kanta, da ƙyar, ta miƙo mini ita. "Ka rage mata wannan, za ta taka ta faɗi. Wa kake ɓoye wa? Ni ba na gani, Allah kuma ba a rufe maSa da yadi." Ta zaunar da yarinyar a kan tabarma cikin jarirai, ta juya bayanta ga rana, ta ci gaba da labarin zakaran nan daga inda na katse shi shekara biyu da suka wuce.

Na zauna har aka tashi kasuwa. Maganar ɗanta tana nan a bakina, amma ga mata, ga Baffa, na ce bari in dawo ni kaɗai ranar Juma'a ta sama in faɗa mata a keɓe. Kunyar mutane ce ta sa na yi laifin, ita ce kuma ta hana ni neman gafararsa. Ta rasu ranar Talata.

Bayan addu'ar uku maƙwabciyarta ta naɗe tabarmar ta kawo mini har bakin babur. Na ce ai matan gida sun fi ni bukatarta. Ta ce, "Ita ta ce a ba Tela." Na tambaye ta ko ta faɗi wani abu kuma. Ta ce a'a, iyakar abin da ta ce ke nan.

Na ɓalle kwanon gabas. Na rage rigar zuwa gwiwa. Duk da haka ba a tsakar gida nake shimfiɗa tabarmar ba, a kan dakali nake shimfiɗa ta, ni da Takwara, ina kallon 'yan majalisa suna kallona. Shekaranjiya wata mata daga gidan da ke kallon namu, wanda shi ma a rufe yake da kwano, ta aiko da jaririnta a tambaye ni ko akwai wuri a tabarmar. Na ce akwai.

Yau da safe na haɗa idon sawun Takwara na zura yatsuna. Uku suka shiga. Na ƙwala wa matata kira, na ce ta zo ta gani, an samu ragi, daga huɗu an dawo uku. Ta zo ta tsaya ta dubi hannuna. Sannan ta ce, "Yatsunka sun fi nata kauri."

Haka ne. Ukuna zai yi huɗunta. Likita za ta gaya mana gaskiyar lamarin in mun koma, da hotonta da ma'auninta, amma hannun da nake so ya auna ya ce mini an samu sauƙi yana ƙarƙashin ƙasa a bayan ƙauyenmu. Duk wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa ya yi mata addu'a, ni kuma ya daina ce mini na riƙe ta. Allah Ya gafarta miki, Gwaggo, Ya haɗa ki da ɗanki yana tafiya a kan ƙafafu miƙaƙƙu. Allah Ya haskaka kabarinki, ke da kika zo gidana kika nemi kwano biyu na haske na hana ki.